Araha Mai Tsada: Abin da Jinyar Yaro Ɗaya Daga Damri ta Koya Mini

A ƙarshen daminar da ta wuce, kwana uku bayan an sallamo ɗan ƙanena daga asibiti, na zauna da mahaifinsa a zauren gidanmu da ke Damri, cikin Ƙaramar Hukumar Bakura. Na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ce ya faɗa mini duk abin da ya fita daga aljihunsa, tun daga daren da yaron ya fara zazzaɓi har zuwa ranar da suka dawo gida. Da fari ya ƙi. Ya ce, "Yaya, tun da Allah Ya tashi kafaɗun yaro, tone-tonen na mene ne?" Kawunmu yana gefe yana jan carbi, sai ya sa baki ya ce, "Gaya mashi abin da anka kashe. Wanda bai san ramin da ya faɗa ba, gobe ma nan zai faɗa." Da wannan muka fara lissafi, kuma abin da ya fito a shafi biyu na littafin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaron shekararsa huɗu. A daren farko an kai shi wurin mai kemis, aka yi masa allura, aka ba shi maganin sha. Kwana biyu jiki yana sauka yana hawa. A rana ta uku aka ɗora shi a kabu-kabu zuwa wani ɗan asibitin kuɗi a wani gari, wanda ba zan kama sunansa ba. Wurin yana da sabon fenti, an shimfiɗa tayil, ga talabijin a ɗakin jira. Ba a ɗebi jinin yaro ba, aka ce maleriya ce da taifot, aka rataya masa ƙarin ruwa. Ƙanena ya ce hankalinsa ya kwanta da ya ga ledar ruwa tana ɗiga, domin a ganinsa aiki ya kankama. Bayan kwana biyu tafin hannun yaron ya yi fari fat, numfashinsa ya koma sama-sama. A nan ne masu asibitin suka ce abin ya fi ƙarfinsu, a biya su a yi gaba.

Aka yi shatar mota zuwa wani asibitin gwamnati, shi ma zan sakaya sunansa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idon yaron ƙasa ta duba, ta sa aka yi gwaji. Kafin minti talatin an tabbatar zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, kuma ya cinye masa jini. Uban ya bayar da jininsa, aka yi wa yaron ƙarin jini, aka fara yi masa allurar atesunet. A kwana na shida aka sallame su. Sai dai can ma da sauran rina a kaba. Sau da dama ana miƙo wa uban 'yar takarda a ce ya sayo abu kaza a waje, wani kuɗin da rasit, wani babu, kuma har suka fito babu wanda ya taɓa gaya masa kimanin abin da jinyar za ta ci, balle ya san shirin da zai yi.

Da muka haɗa jimilla, asibitin da ya warkar da yaron bai ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Ɗan asibitin da ya riƙe shi kwana biyu ba tare da gwaji ba ya ci fiye da haka. Sauran ya tafi a kemis da kabu-kabu da shatar mota da abincin masu jinya. Akwai kuma abin da littafi ba ya iya ɗauka: kwana goma sha ɗaya da uban bai taka gona ba a lokacin da gero ke jiran girbi, da san huɗa guda da aka kora kasuwar Talatar Mafara aka sayar a farashin mai gaggawa, farashin da dillali ke yankewa idan ya karanta damuwa a fuskar mai kaya. Yaro ya warke, alhamdu lillahi, amma gidan zai shiga damina mai zuwa da sa ɗaya.

Darasin da na ɗauka shi ne, ba a raba tsadar asibiti da ingancinsa. Jinyar da ta fi kowace tsada ita ce wadda aka biya ba ta yi aiki ba, domin mutum zai sake biya a gaba, ga ciwo ya ƙara nisa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A harkar lafiya kuwa, araha tana iya cin rai. Amma ta yaya talaka zai bambance mai kyau da marar kyau, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya rubuta farashinsa a bango, kuma babu wanda ke bayyana marasa lafiya nawa suka shigo, nawa suka fita da ƙafafunsu? Mun saba auna asibiti da abin da ido ke gani: tsawon bene, ƙyallin tayil, yawan allura, yawan ledar ruwa. Likitan da ya duba yaro ya ba shi ƙwayoyi shida ya ce a je gida, sai mu ce bai iya aiki ba. Wanda ya rataya ruwa ba gaira ba dalili, shi ne gwani. Masu neman kuɗi sun gane wannan rauni namu, kuma da shi suke cin kasuwa.

Masana sun daɗe da fitar da ma'auni. A shekarar 1966 wani malamin Jami'ar Mishigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya nuna cewa ingancin jinya yana da fuska uku: kayan aiki da ma'aikatan da asibiti ke da su, yadda ake gudanar da aikin a kan marar lafiya, da kuma abin da ya zama ƙarshen marar lafiyar. Mu da shugabanninmu mun tsaya a fuska ta farko, a cikinta ma mun tsaya a kan gini, domin shi ake yanka wa kyalle a ɗauki hoto. A shekarar 2018 kuma wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana rasa rayuka miliyan 8.6 a shekara daga cututtukan da ake iya magancewa, kuma miliyan 5 daga cikinsu mutane ne da suka isa wurin jinya amma suka samu jinya marar inganci. Ma'ana, waɗanda suka je asibiti aka yi musu aikin banza sun fi waɗanda ba su samu zuwa ba yawa. Saura ƙiris ɗan ƙanena ya shiga cikin wannan lissafi.

Idan muka ɗauki zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, ma'aunin a bayyane yake. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da magani, kuma akwai ɗan abin gwaji na gaggawa da ke fitar da sakamako cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba ya bukatar wutar lantarki. Idan zazzaɓin ya tsananta, allurar atesunet ce a gaba da kwinin, bayan wani babban bincike da aka yi a kan yaran Afirka a 2010 ya nuna ta fi ceton rai. Saboda haka duk wurin da zai ce wa uba "maleriya da taifot" ba tare da ya ɗebi ɗigon jini ba, ya riga ya faɗi jarrabawa, ko da an shafe bangonsa da zinari. Haka abin yake a ɗakin haihuwa. Allurar oksitosin da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa tana bukatar sanyi, zafi yana rage mata ƙarfi. Asibitin da ba shi da firij mai aiki yana iya yi wa mace allurar, ya karɓi kuɗinta, jini kuma ya ci gaba da zuba.

Waɗannan tambayoyi ne da ba sai mutum ya yi karatun likita zai iya yin su ba. An gwada kafin a ba da magani? Wa ke kwana a asibitin da dare, ƙwararren ma'aikaci ko maigadi? Idan ana bukatar jini, awa nawa ake ɗauka kafin a same shi, kuma ana tantance shi? Akwai iskar oksijin? Akwai ruwa da sabulun wanke hannu? Idan ciwo ya fi ƙarfinsu, suna faɗa da wuri su rubuta takardar turawa gaba, ko sai aljihu ya ƙare? A wurina wannan ta ƙarshe ita ce gwajin amana. Ƙaramin asibitin da ya san iyakarsa, ya ce wa uba tun a awar farko ya wuce gaba, ya fi babban da zai riƙe marar lafiya yana tatsar danginsa.

Ta fuskar kuɗi kuwa, alƙaluman Bankin Duniya da na Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye, kuma ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai haka. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi a baya ya ce idan gida ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu ko yake ci a kan jinya, to ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A ƙauyukanmu ciwo guda na mako biyu yana haɗiye abin da ya zarce haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo tare. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ita mai masaukin baƙin ba ta taɓa kai wa wannan mizani a kasafin tarayya ba. Giɓin da gwamnati ta bari, da san huɗa ake cike shi.

Abin takaicin shi ne dokokin kare marar lafiya suna nan a rubuce, mutanenmu ne ba su san da su ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar marar lafiya na gaggawa bisa kowane irin dalili, ya kuma tanadi tara ko ɗauri. Ita dokar ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya, domin a samu cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Zamfara tana da mazaɓu 147. A watan Yulin 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marar lafiya, cikinsu har da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, da haƙƙin a bayyana masa kuɗin jinya dalla-dalla. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya, tare da asusu na musamman domin marasa galihu, kuma jiharmu tana da hukumarta ta ZAMCHEMA. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Na karanto wa ƙanena waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin ko ɗaya ba.

A Damri akwai wani ma'aunin da Donabedian bai sa a lissafinsa ba, wato ko marar lafiya zai tsira da ransa a kan gadon asibiti. A ranar Juma'a 6 ga Mayun 2022 'yan bindiga suka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, hukumomin ƙaramar hukuma suka tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 48, kuma rahotanni suka nuna cewa cikin waɗanda aka kashe a Damri har da marasa lafiya da ke asibiti. Wannan ranar ta canza lissafin jinya a yankin. Ma'aikacin da aka turo daga nesa yana neman canjin wurin aiki. Direba yana ninka kuɗin shata idan rana ta yi sanyi, wani ko nawa za a ba shi ba zai fita ba. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare tana jiran gari ya waye. Ko jinyar kyauta da ƙungiyar likitoci ta MSF ke yi wa yara a garuruwa irin su Shinkafi da Zurmi da Gummi da Talatar Mafara, sai wanda ya iya biyan kuɗin hanya ya kuma tsallake haɗarinta ke cin moriyarta. Idan aka ce a wuce Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wasu gidajen a nan suke sallamawa su koma gida.

Ba zan yi wa ma'aikatan lafiya rashin adalci ba. Matar da ta ja fatar idon ɗanmu ta gane ciwonsa cikin daƙiƙa kaɗan, ita kaɗai ce a ɗaki cike da yara a daren nan, tana aiki da hasken wayarta idan wuta ta ɗauke. Idan ta rubuta a sayo safar hannu a waje, sau da yawa don babu ne a ma'ajiya. Su ma masu ƙananan asibitocin kuɗi ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu tsoron Allah da ke tsaye a inda gwamnati ba ta kai ba. Sai dai idan babu ma'auni a fili, mai gaskiya da macuci farashinsu ɗaya a idon jama'a, mai gaskiyar ma shi ke asara, domin ba ya rataya ruwan da ba a bukata.

Maƙwabtanmu sun gwada hanyoyi, kuma akwai abin koyo a nasararsu da tuntuɓensu. Jamhuriyar Nijar ta ayyana jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa tun wajen 2006. Zuwa asibiti ya ƙaru sosai, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa, kyauta ta koma takardar sayo magani a waje. A Yuganda kuma, a tsakiyar shekarun 2000, wasu masu bincike sun gwada wani abu mai sauƙi a ƙananan asibitoci 50: aka tattara bayanan aikin kowane asibiti, aka karanta wa mutanen gari, aka zaunar da su da ma'aikata suka amince da abin da za a gyara. Bayan shekara guda, mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a garuruwan da aka yi haka. Da aka sake gwajin a wurare masu yawa bayan shekaru, ba a ga irin wannan raguwa ba, ko da yake yadda ake karɓar marasa lafiya ya ɗan gyaru. Abin da na fahimta shi ne, idon jama'a yana gyara abin da sakaci ya ɓata, amma ba ya sayen janareta, ba ya biyan albashi.

A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, aka shiga gyaran gine-ginen wasu manyan asibitoci. Wannan abin a yaba ne, domin ba a jinya a ƙarƙashin rufi mai yoyo. Abin da nake roƙo ƙari ne da ba zai ci ko kwatan kuɗin fenti ba. A wajabta wa kowane asibiti a jihar, na gwamnati da na kuɗi, ya kafa allo a bakin ƙofa, da Hausar boko da ajami, ɗauke da kuɗin kati da gwaji da gado da ƙarin jini da haihuwa da tiyata, da jerin abin da yake kyauta da wanda ya cancance shi. A hana karɓar ko sisi ba rasit. Duk bayan wata uku shugaban asibiti ya zauna da kwamitin ci gaban mazaɓa, gaban hakimi da limamai da wakilan mata, ya karanta mutum nawa aka kwantar, nawa aka sallama, nawa aka tura gaba, nawa suka rasu, kwana nawa aka yi babu maganin zazzaɓi ko jini. Ma'aikatar Lafiya kuma ta riƙa kai ziyarar bazata ƙananan asibitocin kuɗi, ta rufe wanda ke ba da magani ba gwaji.

Ku kuma ɗalibai da malamai da ma'aikata da ke karanta wannan shafi, kusan kowannenku shi ne wanda ake kira a waya idan ciwo ya tashi a ƙauye. Kafin ku tura kuɗi, ku tambaya ko an yi gwaji, ku ce a karanto muku sunan maganin, ku ce a karɓi rasit a adana. Idan kun je gida, ku zauna da mai jinya ku rubuta abin da aka kashe, kamar yadda muka yi. Littafi ɗaya ba zai girgiza kowa ba, amma idan aka ajiye littafi ɗari daga Bakura da Maradun da Talatar Mafara a gaban ɗan majalisa, dole ya karanta.

Da muka rufe namu littafin, ƙanena ya daɗe yana kallon jimillar. Can ya nisa ya ce, "Yaya, da tun ranar farko munka wuce inda anka gwada jinin nan, da san nan yana turke." Kawu bai ce komai ba. Yaron kuwa yana tsakar gida yana bin kaji da kara a hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.